Agustin na Hippo: Malamin Afirka da ya shafe rayuwarsa yana neman wanda zai ceci mutum daga kansa

A watan Agustan shekarar 430, wani tsoho mai shekara 75 yana kwance da zazzaɓi a garin Hippo da ke gaɓar Bahar Rum, daidai inda birnin Annaba na ƙasar Aljeriya yake a yau. Wata na uku ke nan da mayaƙan wata ƙabilar Turawa da ake kira Vandal suka yi wa garin ƙawanya. Sun tare hanyar tudu, sun tare ta ruwa, gari kuma ya cika maƙil da 'yan gudun hijira.

Tsohon ya sa aka kwafo masa surorin Zabura na neman gafara, aka manna su a bangon da ke fuskantar gadonsa. Sannan ya roƙi kada kowa ya shigo wurinsa sai likita ko mai kawo abinci. Kwana goma ya yi a haka, yana karantawa yana kuka.

Wannan mutum ya yi kusan shekara 35 yana bishop ɗin garin, kuma a lokacin babu malamin Kirista mai rubutu da harshen Latin da ya kai shi suna. Duk da haka addu'ar mai laifi ya zaɓa ya yi bankwana da ita. Possidius, almajirinsa da ya rubuta tarihinsa, ya ce dama ya sha faɗa musu cewa ko limamin da kowa ya shaida da nagarta bai kamata ya bar duniya ba tare da tuba ba.

Sunansa Agustin, wanda a rubutun Turawa ake gani Augustine. Yawancin abin da Kiristocin Katolika da na Furotesta ke faɗa yau game da zunubi da ceto ya bi ta hannunsa ne kafin ya iso gare su.

Satar da ba ta yunwa ba

An haife shi ranar 13 ga Nuwamban 354 a Tagaste, wani ƙaramin gari a kan tuddai da yanzu ake kira Souk Ahras, a gabashin Aljeriya kusa da iyakar Tunisiya. A lokacin arewacin Afirka yana ƙarƙashin Daular Rum, shi ne ma rumbun hatsin da ke ciyar da birnin Rum ɗin.

Mahaifinsa Patricius mai ƙaramar gona ne kuma ɗan majalisar gari, mabiyin addinin gargajiya na Rumawa. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce da ba ta wasa da ibada. Ba su da wani ƙarfi, amma sun ga yaron na da kai, sai suka zuba abin da suke da shi a karatunsa. Burinsu ya ƙware a balaga, domin a wancan zamani wanda ya iya tsara magana shi ke zama lauya ko gwamna.

Yana shekara 16 kuɗin makaranta ya yanke, ya yi shekara guda a gida ba aikin fari ba na baƙi. A wannan shekarar ne wani dare shi da abokansa suka haura gonar wani maƙwabci, suka kakkaɓe masa bishiyar fiya irin ta ƙasashen can. 'Ya'yan ba su da kyau, ba su da daɗi, kuma akwai waɗanda suka fi su a gidansu. Suka ɗan ciza kaɗan, suka watsa wa aladu sauran.

Abin da kowa zai kira ƙuruciya ne ya manta. Shi kuwa ya kai shekara 40 da ɗoriya abin na cin sa, har ya ba shi shafuka masu yawa a littafin tarihin rayuwarsa mai suna Confessions, wato Ikirari. Wanda ya yi sata don yunwa ana gane dalilinsa, haka wanda ya yi don kwaɗayi. To shi me ya ja shi? Amsar da ya samu ita ce, haramcin abin ne ya yi masa daɗi, kuma da shi kaɗai ne da bai yi ba, kunyar a ce ya ji tsoro a gaban abokai ce ta tura shi. Daga nan ya fara zargin cewa akwai wata karkata a zuciyar ɗan Adam wadda rashin sani ba shi ne tushenta ba, tun da mutum na iya sanin daidai sarai ya bi akasinsa.

Kartaj, da mutuwar aboki

Da taimakon wani attajirin garinsu mai suna Romanianus, ya tafi Kartaj, babban birnin yankin, wanda kufansa ke gefen birnin Tunis a yau. A can ya fara zaman dadiro da wata mace, irin zaman da dokar Rumawa ta amince da shi ga saurayin da bai kai ga auren gata ba. Shekara kusan 15 suka yi tare, bai kuma haɗa ta da wata ba a tsawon lokacin. A shekarar 372 ta haifa masa ɗa, aka sa masa suna Adeodatus, ma'ana kyautar Allah.

Ya taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki a lokacin, ya ga Latin ɗin fassarar bai kai na manyan marubutan da yake karantawa ba, ya ajiye. Sai ya faɗa addinin Mani, wani malami da ya yi zamani a Daular Farisa a ƙarni na uku. Mabiyansa na koyar da cewa ikoki biyu ne ke kokawa a duniya tun fil azal, na haske da na duhu, kuma mugunta daga ɓangaren duhun da ke cikin jiki take fitowa. Koyarwar ta yi wa saurayin daɗi, domin ta ɗauke masa nauyi: in ya yi laifi ba shi ba ne, wani abu ne a cikinsa. Shekara tara ya yi a ciki. Monika ta taɓa hana shi zama gidanta saboda haka, daga baya ta sauko, ta koma ga kuka da addu'a.

Ya dawo Tagaste yana koyarwa ne mutuwa ta fara taɓa shi da gaske. Yana da wani aboki, sa'ansa, wanda shi da kansa ya janye daga Kiristanci zuwa addinin Mani. Zazzaɓi ya kwantar da abokin har ya fita hayyacinsa, danginsa suka sa aka yi masa baftisma bai sani ba. Da ya farfaɗo, Agustin ya zo yana yi wa abin ba'a, yana zaton za su yi dariya tare. Abokin ya dube shi kamar maƙiyi, ya gargaɗe shi da ya daina in yana son abotarsu ta ɗore. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya dawo ya tafi da shi, Agustin ba ya nan.

Garin ya yi masa baƙi ƙirin. Duk inda ya duba sai ya ga kamar abokin zai ɓullo. Ya yi ƙoƙarin ya ce wa ransa ya dogara ga Allah, ran ya ƙi, domin abin da yake kira Allah a lokacin bai kai masa abokin da ya rasa zama gaskiya ba. Ƙarshe ya tattara ya gudu Kartaj. Ya kamata a riƙe wannan mutuwa a rai, saboda akwai wata a gaba da za a gwada ta da ita.

Ɗaukaka a Milan

A shekarar 383 ya yanke shawarar ƙetarawa birnin Rum, don ɗaliban Kartaj sun ishe shi da rashin kunya. Monika ta biyo shi har bakin teku tana roƙon ya fasa ko ya tafi da ita. Ya yi mata ƙarya cewa wani aboki zai raka, ya lallashe ta ta kwana a wani ɗakin ibada da ke kusa, cikin dare jirgi ya tashi da shi. A Rum ya tarar ɗaliban suna da ladabi, sai dai in lokacin biyan kuɗi ya yi sukan sulale su koma wurin wani malamin.

Shekara guda bayan nan sa'a ta zo. Aka ba shi kujerar malamin balaga na birnin Milan, inda fadar sarkin Rum take a lokacin. Yana ɗan shekara 30, ɗan ƙauye daga Afirka ya zama mai tsara jawabin yabon sarki. Wata rana yana kan hanya, ransa a jagule saboda jawabin da zai gabatar, wanda ya san ƙarya ce cike da shi kuma masu tafa masa ma sun sani, sai ya ga wani mabaraci ya bugu yana ta raha. Ya ce wa abokansa wannan ya riga su samun abin da suke wahalar nema, kuma shi mayensa zai sake shi kafin safiya, nasu mayen na neman girma kuwa da shi za su kwana su tashi.

A Milan ne ya haɗu da Ambrose, bishop ɗin birnin, wanda tsohon gwamna ne. Ya fara zuwa sauraron wa'azinsa ne don ya auna gwanintarsa ta magana, kamar yadda maƙeri ke duba aikin ɗan'uwansa. A hankali ma'anar ta riƙa shiga tare da lafazin. Ya kuma karanta littattafan masu bin falsafar Aflatun, inda ya samu wata amsa kan mugunta: ba wata halitta ce mai zaman kanta ba, lalacewar abu mai kyau ce, kamar tsatsa a jikin ƙarfe. In haka ne, babu wani duhu da zai ɗora wa laifi. Shi ne mai yi.

Ana cikin haka Monika ta iso Milan, ta shiga nema masa auren da ya dace da matsayinsa. Aka samu yarinya 'yar manyan gida, saura shekara biyu ta kai munzalin aure a dokarsu. Sharaɗin shi ne uwar Adeodatus ta tafi. Aka mayar da ita Afirka, aka riƙe ɗan. Ta tafi tana alwashin ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Shi kuwa ko shekara biyun bai iya jira ba, ya ɗauko wata.

Ya rubuta cewa rabuwar ta bar masa rauni mai zubar jini, kuma bai ɓoye cewa matar ta fi shi ƙarfin hali ba. Amma a duk miliyoyin kalmomin da ya bari, babu inda ya ambaci sunanta. Wasu masana na cewa sutura ce ya yi mata. Ko ma mene ne, ita ce ta biya kuɗin ɗaukakar da bai ma tsaya ya ci ba.

Ƙarƙashin ɓaure

Zuwa shekarar 386 kansa ya gama gamsuwa da Kiristanci. Saura zuciya. Tun yana saurayi yakan roƙi Allah ya ba shi kamun kai, amma ya ɗan jinkirta tukuna, don yana tsoron a amsa masa da wuri. Hausawa na cewa sabo turken wawa. Shi sarƙa ya kira shi: sha'awa in an biye mata ta zama sabo, sabo in ba a yaƙe shi ba ya zama dole. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, in ya umarci hannunsa ya motsa nan take yake motsawa, amma in ya umarci ransa ya so abin da ya san shi ne daidai, sai ran ya yi gardama.

Wata rana wani ɗan Afirka ma'aikacin fada mai suna Ponticianus ya ziyarce shi, ya ba shi labarin Antoni na Masar, wanda ya rabar da dukiyarsa ya shiga hamada don ibada, da na wasu jami'an sarki biyu da suka karanta tarihinsa suka ajiye aiki a take. Da baƙon ya tafi, Agustin ya fita lambun gidan kamar zautacce, amininsa Alypius na biye da shi. Ya zube ƙarƙashin wata bishiyar ɓaure yana kuka. Sai ya ji muryar yaro daga gidan maƙwabta tana ta maimaita cewa a ɗauka a karanta. Ya koma inda ya bar littafin wasiƙun Manzo Bulus, ya buɗe, idonsa ya faɗa kan ƙarshen sura ta 13 ta wasiƙar Romawa, inda ake jan kunne kan shagali da maye da fasikanci da husuma, ana kiran mutum ya miƙa kansa ga Yesu Almasihu. Bai ƙara gaba ba. Ya ce a nan kokawar ta ƙare.

Abin lura a yadda ya ba da labarin shi ne, bai ɗauki abin a matsayin nasarar da ya ci ba. Ya yi shekaru yana yunƙuri yana faɗuwa, ranar da ya tashi kuma ɗaga shi aka yi. A kan wannan ya gina duk koyarwarsa ta gaba.

Ya fasa auren, ya ajiye aiki da hujjar ciwon ƙirji. A daren bikin Ista na shekarar 387, tsakanin 24 da 25 ga Afrilu, Ambrose ya yi masa baftisma tare da ɗansa Adeodatus da Alypius. Ba banza ake zaɓar wannan dare ba. A wurin Kiristoci, shi ne daren tunawa da tashin Yesu daga kabari bayan an gicciye shi, kuma nutsewa cikin ruwan alama ce ta mutuwa da binnewa tare da shi, fitowa kuma alamar tashi da sabuwar rayuwa, an yafe abin da ya wuce. Har yau ana iya ganin ragowar kwarmin baftismar na zamanin Ambrose a ƙarƙashin babbar majami'ar Milan.

Kabari a baƙuwar ƙasa

Suka kama hanyar gida. A Ostia, tashar jiragen ruwan birnin Rum, suna jiran jirgi, zazzaɓi ya kama Monika. Kowa ya san ta daɗe da tanadar wa kanta kabari kusa da na mijinta a Tagaste, kuma abin na da girma a ranta. Ɗanta Navigius ya nuna damuwa kada ta mutu a ƙasar wasu. Ta tsawata masa da ido, ta ce su binne ta duk inda ya samu, su dai riƙa tunawa da ita a wurin ibada. Ashe tun kafin nan ta gaya wa wasu abokan ɗanta cewa babu wurin da ke nesa da Allah, kuma ba ta tsoron a ranar ƙarshe zai rasa inda zai tashe ta.

A rana ta tara ta cika, tana da shekara 56. Agustin ne ya rufe mata ido. Adeodatus ya fashe da kuka, aka rarrashe shi ya yi shiru, don a ganinsu kururuwa ta wanda bai da bege ce. Shi kansa Agustin ya danne har aka binne ta. Ya je gidan wanka ko zai ji sanyi, bai ji ba. Sai da ya kwana ya farka shi kaɗai sannan hawayen suka zubo.

Baƙin cikin bai gaza na mutuwar abokinsa ba, amma wannan karon bai gudu ba. Kuma duk da yadda yake girmama ta, bai ce aikinta ya isa ya cece ta ba. Ya ma ba da labarin yadda ta taɓa sabawa da kurɓar giya a ɓoye tana yarinya, sannan ya roƙa mata gafara, ya nemi masu karanta littafinsa su ma su roƙa mata.

Ya isa Afirka a 388. Ba a jima ba Adeodatus ma ya rasu, yana ɗan kimanin shekara 17, yaron da uban ya ce kaifin basirarsa har tsoro yake ba shi.

Bishop na dole

Niyyarsa ya zauna a Tagaste da 'yan abokai, karatu da addu'a. Har kauce wa garuruwan da ba su da bishop yake yi, don a lokacin jama'a kan cafke mai ilimi su naɗa shi ko yana so ko ba ya so. A 391 ya je Hippo hankali kwance tun da akwai bishop, wani tsoho mai suna Valerius. Yana tsaye cikin taro tsohon ya ce yana buƙatar mataimaki, jama'a suka tura shi gaba yana kuka. Bayan shekara huɗu zuwa biyar ya zama bishop.

Aikin ba na zaman ɗakin karatu ba ne. Da safe yana sauraron ƙararrakin gado da bashi da iyakar gona, wani lokacin har lokacin cin abinci ya wuce. Yana wa'azi ga masunta da manoma da 'yan dako, marubuta na ɗauka da saurin hannu, shi ya sa ɗaruruwan wa'azozinsa suka iso zamaninmu. A wata wasiƙarsa da aka gano a shekarun 1970, ya ba da labarin fatake masu satar mutane a ƙauyuka suna lodawa a jirgi, da yadda 'yan ikilisiyarsa suka kuɓutar da mutum kimanin 120 daga hannunsu.

Akwai kuma inda tarihinsa ke da tabo. Kiristocin Afirka sun rabu biyu tun bayan tsanantawar da aka yi musu daga shekarar 303. Ɓangaren da ake kira 'yan Donatus sun ce limamin da ya miƙa littattafai masu tsarki don tsoron hukuma ya zubar da limancinsa. Agustin ya ce ikilisiya wurin jinyar masu zunubi ce, kuma sai ranar ƙarshe za a rarrabe tsaba da ƙaiƙayi. Da farko ya ce da hujja kawai za a jawo su. Daga baya ya goyi bayan hukuma ta matsa musu da tara da ƙwace majami'u, musamman bayan taron Kartaj na 411 da bishop-bishop sama da 500 suka halarta. Ya yi ta roƙon kada a kashe kowa, gaskiya ne. Amma hujjojin da ya kawo sun zama makami a hannun waɗanda suka zo bayansa ba su da wannan tausayin.

Rigima da Pelagius

A watan Agustan 410 mayaƙan Alaric suka shiga birnin Rum suka washe shi kwana uku. Cikin waɗanda suka tsere zuwa Afirka akwai wani malami ɗan Birtaniya mai suna Pelagius, mutum mai tsantseni wanda sakacin Kiristocin Rum ya dame shi. Koyarwarsa mai sauƙin fahimta ce: Allah ba zai umarci mutum da abin da ba zai iya ba, kowane jariri ana haifarsa da tsabta, laifin Adamu mugun misali ne kawai, saboda haka kowa ya tashi ya gyara halinsa.

Agustin ya ji wannan kamar ana gaya wa wanda ya karye ya tashi ya yi gudu. A koyarwarsa, faɗuwar Adamu ta bar wa zuriyarsa duka rauni da ake gado, wanda ya kira zunubin asali. Doka na nuna wa mutum ciwonsa amma ba ta warkar da shi. Shi ya sa, a bangaskiyar Kirista, Allah ya zo cikin jiki a matsayin Yesu, ya ɗauki zunubin mutane ya mutu a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku. Yakan kira Almasihu likita, ya ce ceto alheri ne da ake bayarwa kyauta, har ma son tuban kansa kyauta ne. Taron bishop-bishop na Kartaj a 418 ya yi watsi da koyarwar Pelagius.

Mai karatu Musulmi zai lura da bambanci a nan, domin a Musulunci Annabi Adamu ya tuba an yafe masa, kuma ba wanda ke gadon laifin wani. Ko a cikin Kiristoci, majami'un Gabas ba su ɗauki batun da tsananin da Agustin ya ɗauke shi ba. Tsananin ya kai shi wurare masu wuyar haɗiya: ya ce jaririn da ya mutu ba baftisma ba zai shiga mulkin Allah ba, ko da hukuncinsa shi ne mafi sauƙi, ya kuma ce Allah ne ke zaɓar waɗanda zai cece su tun kafin su yi komai. Wani bishop ɗan Italiya mai suna Julian ya yi ta caccakarsa a kan haka, kuma Agustin ya mutu bai gama rubuta masa raddi ba. Cocin Katolika ta yau ta sassauta kan batun jarirai, tana cewa akwai dalilin sa rai da jinƙan Allah a kansu.

Me zai faru da gawar da ba a binne ba?

Faɗuwar Rum ta zo da tambayoyin da suka fi na malamai zafi. Masu addinin gargajiya suka ce watsi da gumaka ne ya jawo. Kiristoci kuma na tambaya kan 'yan'uwansu da aka kashe aka bar gawarwakinsu a titi, da matan da aka yi wa fyaɗe. Amsarsa ita ce littafin Birnin Allah, kashi 22, wanda ya ɗauke shi daga 413 zuwa 426.

Tun a kashin farko ya ce matar da aka tilasta ba ta rasa mutuncinta ba, laifin na wanda ya yi ne. Game da gawa kuma ya ce jana'iza hakki ce da ya kamata a yi, amma ta fi zama sanyin zuciya ga masu rai, rashinta ba ya rage wa mamaci komai. Wanda ya san labarin Ostia zai ji muryar Monika a nan.

A kashi na ƙarshe ya zauna ya amsa tambayoyin masu yi wa tashin matattu ba'a, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya raina ko guda ba. Wanda namun daji suka cinye fa? Wanda ya nutse a teku, ko wuta ta mayar toka? Jariri da wane jiki zai tashi? Ya ce wanda ya yi halitta daga babu ba zai rasa inda ƙwayar ƙura ta shiga ba, kamar maƙerin da ya narkar da mutum-mutumi ya sake zuba shi ba tare da aibin farko ba. A ganinsa kowa zai tashi da cikar ƙarfinsa, kamar ɗan shekara 30. Wasu na cewa mata za su tashi a matsayin maza, ya ce a'a, zama mace ba nakasa ba ce da za a gyara. Tabon waɗanda aka kashe don bangaskiya kuwa yana ganin zai zauna, a matsayin lambar girma. Mutumin da ya yi shekara tara cikin addinin da ke ɗaukar jiki kurkuku, ya ƙare yana kare cewa jikin nan shi ma za a cece shi, kuma tashin Yesu shi ne kafin alƙalami.

Kwanakin ƙarshe

A ƙarshen rayuwarsa ya yi abin da marubuta kaɗan ke yi: ya bi littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda ya yi kuskure. A 429 Vandal suka ƙetaro daga Sifaniya ƙarƙashin sarkinsu Geiseric, suna cin gari bayan gari. Wani bishop ya rubuto yana tambaya ko limamai za su iya gudu. Ya amsa cewa muddin akwai sauran jama'a a gari, makiyayi ba ya barin garke. Shi ma bai bar Hippo ba.

Ya rasu ranar 28 ga Agustan 430. Bai bar wasiyya ba, don ba shi da abin da zai raba, sai dai ya yi ta jaddada a kula da ɗakin littattafan cocin. Ƙawanyar ta kai wata 14, garin ya faɗi daga baya, amma littattafan sun tsira.

Bayan ƙarni 11, wani ɗan ƙungiyar limamai masu bin ƙa'idar Agustin a Jamus, Martin Luther, ya ɗauki batun ceto ta alheri ya girgiza Turai da shi. Limaman wannan ƙungiya 'yan ƙasar Ireland sun yi aiki a yankunan Adamawa da Borno tun wajajen 1940, babbar makarantar horar da limaman Katolika da ke Jos ma sunansa take ɗauke da shi. Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa a watan Mayun 2025, ɗan ƙungiyar ne, ya kuma taɓa shugabantarta.

Ƙasusuwansa ba su zauna a Afirka ba. An kai su tsibirin Sardiniya, daga can aka mayar da su birnin Pavia na Italiya a ƙarni na takwas. A 1842 aka dawo da ƙashin hannunsa guda zuwa Annaba, yana cikin majami'ar da ke kan tudu tana kallon kufan Hippo. Monika ma ba ta koma kabarin da ta tanada a Tagaste ba, an ɗauke ta daga Ostia zuwa birnin Rum a 1430. A shekarar 1945 wasu yara biyu na haƙa rami a Ostia don kafa turken ragar ƙwallo, suka tono wani ɓallin dutse mai rubutu. Da aka duba, guntun allon kabarinta ne.